Kiran jama'a walimar sauka a Zangon Kumasi



Akwai kalmomi biyu da yaranmu suka fara haɗewa wuri guda, alhali a wurin iyayenmu akwai tafiya mai nisa tsakaninsu: sanarwa da gayyata. Sanarwa labari ce da aka saki, ta faɗa kunnen duk wanda ta faɗa, ba ta ɗora wa kowa nauyi. Gayyata kuwa tana ɗauke da sunan mutum, wani ne ya tashi takanas ya kai masa ita, kuma daga ranar da ta shiga hannunsa ta zama bashi a wuyansa: ko ya zo, ko ya aiko wakili, ko ya aiko uzuri. Wayar hannu ta ƙware ƙwarai wajen ta farkon. Ta biyun ce muke ta fama da ita, mu da Allah ya ɗora wa riƙon littafi da alƙalami a zauren dattijon unguwarmu, a nan Zangon Kumasi.

Taron da ya fi ba mu aiki a shekara shi ne walimar saukar karatu ta makarantar unguwa. Yaran da suka kai ƙarshen izu 60 sukan fito da allunansu da aka yi wa zayyana, kowa ya zauna gaban malamai ya karanta Fatiha da farkon Baƙara, a yi masa addu'a, a raba sadaka, a ci abinci. Ba taron ƙasa ba ne, jarida ba ta zuwa. Amma ga uwar da ta yi shekara takwas tana sayar da koko da ƙosai tana biyan kuɗin Laraba, babu yinin da ya kai wannan, kuma babu abin da zai ƙona mata rai kamar ta ɗaga ido ta ga kujeru wayam, ko ta ga wanda take tsammani bai zo ba don ba a kai masa goro ba.

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan, don haka ba abin mamaki ba ne ya zama shi ne takardarmu. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi watanni a hanya da jakuna zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su sauke kanwa da tufafi, su ɗauki goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Atebubu, daga baya Kumasi ta karɓi kaso mai yawa a farkon ƙarnin da ya wuce. Yadda muka taras ana yi shi ne, saura mako uku a yi taro sai a zauna a zaure, a kwance ganye, a zuba ƙwarya biyu ko uku, kowace ƙwarya goro 100, a buɗe littafi ana kiran suna ana ƙullawa. Na liman da na manyan malamai da na sarakunan ƙabilu, babban mutum ne yake kaiwa, ba a aiken yaro. Na cikin gida kuwa tsofaffin mata biyu ko uku ne suke bi gida gida, domin su ne suka san wadda ke takaba, da wadda ta yi yaji tana gidan iyayenta, da gidan da in aka fara shiga ɗakin amarya kafin na uwargida to an tayar da ƙura. Sai goro ya gama zagayawa sannan liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya, saboda babba ba ya jin labarin taron da ya shafe shi daga bakin lasifika tare da yara. Maƙwabtanmu Asante ma sun san da haka, mai kaɗa dawuro, wato kugen ƙarfen da ake zagaya gari da shi, ba ya fita sai da izinin sarki.

Gidajen rediyon FM da suka yawaita tun shekarun 1990 ba su rusa wannan jeri ba. Sai mutum ya je da takarda da kuɗi ake karanta masa sanarwa, kuma dattawa ne suke zaɓar ranar da za a je. Waya ce ta zo da abin da ba a taɓa gani ba, ta mai da kowane yaro mai shela, ba tare da kuge ba, ba tare da izini ba.

Dattawanmu sun daɗe suna kallon abin a kaikaice, har annobar korona ta tilasta su. Ranar 16 ga Maris 2020 dokar hana taro ta fara aiki, aka rufe masallatai da makarantu, ranar 30 ga watan aka kulle Kumasi da Akra na mako uku. Azumin shekarar nan aka yi shi babu tafsiri a masallaci, sai malaman da a da ko hoto ba sa yarda a ɗauke su suka zauna gaban waya suna karatu, jikokinsu na riƙe musu. Daga nan magana ta ƙare a kan ko a shiga ko kada a shiga. Abin da ya rage shi ne yadda za a shiga.

Ba za mu yi butulci ba, waya ta yi mana rana. Da wuya ka bi layi ɗaya a Aboabo ko Asawase ka rasa gidan da yake da ɗa a waje, wani a unguwar Bronx ta Amurka, wani a Hamburg ta Jamus, wani a Italiya ko Saudiyya. A da sai bayan wata biyu kaset ko hotuna su isa hannun uban da ke tuƙa tasi a can. Yau yana zaune cikin motarsa yana kallon 'yarsa kai tsaye tana jan Fatiha. Gudummawa ma ta sami hanya, tun da MoMo ta shigo a 2009 ba sai an jira matafiyi ba. San da aka yanka bara, wani tsohon ɗalibin makarantar ne ya saya, wanda rabonsa da unguwa shekara 14, kuma ya ce fostar da ya gani a wayar ƙanwarsa ce ta tuna masa da bulalar malam da alherinsa.

Sai dai mai kallo daga nesa, in yana da kuɗi, yakan fara neman a juya masa taro. Agogonmu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, yana gaban na gabashin Amurka da awa huɗu ko biyar gwargwadon lokacin shekara. Da hantsi muka saba yin sauka, lokacin da su can ko asuba ba ta gama yi ba. Suka nemi a mai da ita bayan Azahar. Mata masu girki suka ce ba za su kwana a bakin murhu su kuma yini ba, tsofaffi suka ce ba za su zauna cikin zafin rana ƙarƙashin rumfa ba, ga shi da damina ruwan Kumasi ya fi son yamma. Dattijo ya bar karatu a hantsi, ya ce a naɗa wa na nesa su kalla in sun tashi. Har yanzu wasu ba su huce ba. Mu dai a ganinmu wanda ya taka ƙafa ya zo yana gaba da wanda ya buɗe waya, ko da na biyun ne ya sayi sa.

Wani abin da samarin da ke taimaka mana suka daɗe ba su gane ba shi ne dalilin da ya sa ba ma lissafi da lambobin da suke nuna mana. Facebook yana da maɓallin da mutum zai danna ya ce zai halarta, ɗaruruwa kan danna, wasu daga Tamale, wasu daga Kano, wasu daga ƙasashen da ko sunan unguwarmu ba su iya faɗa ba. Dannawar fatan alheri ce, muna godiya. Amma hayar kujerun roba da auna shinkafa da wake, da littafi muke yin su: gida kaza sun karɓi goro, malam wane yakan zo da almajirai goma, sarkin ƙabila kaza ba ya tafiya sai da mutum ashirin, a ƙara kashi ɗaya cikin uku don masu wucewa da yara. Da wuya wannan lissafi ya ba mu kunya.

Dalilin da ya sa littafin ya fi gaskiya, malaman fiƙihu sun riga mu faɗarsa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Muhtasar na Shehu Halil zai tuna cewa a babin walimar aure, wajabcin amsa kira yana kan wanda aka ayyana ne, wato wanda aka nufa shi da kansa. Masu sharhi suka ƙara da cewa in mai walima ya ce wa ɗan aikensa ya kira duk wanda ya gamu da shi a hanya, to ba dole a kan wanda aka gamu da shi. Hukuncin na walimar aure ne, ba mu ce na sauka ba ne, amma halin ɗan Adam da aka gina shi a kai ɗaya ne: mutum yana jin nauyin kiran da aka yi masa da sunansa, ba ya jin nauyin kiran kasuwa. Fosta, komai kyanta, ɗan aiken nan ne da aka ce ya kira duk wanda ya gamu da shi.

Kada kuma a ɗauka muna raina kiran gama-gari. Larabawan dauri suna da suna ga kowanne, jafala ga kiran kowa da kowa, naƙara ga kiran zaɓaɓɓu, kuma da jafala suke alfahari, don ita ce alamar karamci. Hadisi ma ya kushe abincin walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. To a nan ne waya take yaudarar mu. Muna ganin mun kira duniya, alhali wanda muka kira shi ne mai babbar waya da kuɗin data. Makahon da ke zama a ƙofar masallaci ba ya ciki. Tsohuwar da ƙaramar wayarta kira kawai take yi ba ta ciki. 'Yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwar Kejetia, waɗanda ranar sauka ce ranar da za su ci nama su ƙoshi, galibinsu ba sa ciki. Lasifikar masallaci duk tana kai musu. Shi ya sa da wani ya kawo shawarar a daina wahalar da liman tun da an riga an sa a intanet, dattijo bai ma bari ya kai aya ba.

Babbar fitinar fosta ita ce jerin sunaye. Zangon Kumasi ba na Hausawa kaɗai ba ne, Hausa dai ita ce harshen da ya haɗa mu. Akwai Mosawa da Dagwamba da Wangarawa da Yarabawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da sauransu, kowace al'umma da sarkinta, kowane sarki da tarihin da yake tunƙaho da shi na wanda ya riga wani sauka. Goro yana da wata hikima da ba mu lura da ita ba sai da muka ga kishiyarsa: kowa nasa ƙullin yake karɓa a zaurensa, ba ya ganin na wani, ba ya sanin ko shi aka fara kai wa. Fosta kuwa sai ta jera mutane a fili, wane a sama, wane a ƙasa, hoton wane ya fi girma, kuma ba ta gogewa. A wata unguwa da ba za mu ambata ba, yaro ya sa hoton wani mai hali da ya ba da gudummawa ya fi na liman girma, ya kuma mance da sunan sarkin wata ƙabila gaba ɗaya. Yaron ba shi da mugun nufi, wurin rubutu ne ya ƙare masa. Amma mutanen sarkin nan ko ɗaya bai taka wurin taron ba, 'ya'yansu uku da ke cikin masu sauka suka yi karatu babu danginsu, sai da aka yi zaman sulhu har sau uku.

Tun daga nan dokar zaurenmu ita ce fosta ba ta ɗaukar sunan mutum ko hotonsa. Sunan makaranta, da rana ta Hijira da ta Miladiyya, da wuri, da lokaci, shi ke nan. Wannan ya raba mu da wata rigimar ma, ta 'yan siyasa, waɗanda in shekarar zaɓe ta zo, kamar 2024, sukan tuna da makarantun allo farat ɗaya. Har launi sai mun duba. Mazaɓarmu da sauran Kumasi ba su cika jefa ƙuri'a wuri ɗaya ba, kuma in yaro ya haɗa ja da fari da shuɗi, ko kore da fari da ja da baƙi, don kawai sun yi masa kyau a ido, to kafin Magariba an gama yanke wa makarantar jam'iyya.

Sai batun harshe, wanda ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon ƙasa yake watsa shiri da su tun da daɗewa, amma ba ta cikin waɗanda ake koyarwa a makarantun gwamnati. Mu da muka haura hamsin, ajami muka koya a gaban malam, Turanci kuma a makarantar boko ga wanda ya je. 'Ya'yanmu suna jin Hausa suna yin ta, Hausarmu ta Gana da mutanen Kano suke yi wa dariya don ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, amma in sun zo rubutawa da kunnen Turanci suke rubutawa, babu ƙa, babu ɗa, babu ɓa. In kuma suka ba na'urar fassara ta Google, wadda take da Hausa tun 2013, wani lokaci sai ta fito da magana mai kama da ta baƙon da ya haddace ƙamus. To wa za a rubuta wa, kuma da wane rubutu? Ajami tsofaffi ne za su karanta, su kuma ba sa duba fosta. Boko na asali, yaran sai sun yi ta haɗa baƙi. Abin da muka tsaya a kai shi ne Hausa a sama da haruffanta cikakku, ko da za ta yi musu wuya, Turanci a ƙasa don maƙwabta da hukuma. Mukan zauna da mai tsara fostar mu gyara kalma kalma, kuma mun lura bayan shekara biyu uku ya fara gyara wa abokansa.

Amma abin da ya fi kusa da goro a cikin waya ba rubutu ba ne, murya ce. Saƙon murya ba ya buƙatar wanda ya iya karatu, ba ya buƙatar ƙa ko ɗa, kuma yana ɗauke da abin da takarda ba ta ɗauka, wato shaidar wanda ya yi maganar. Dattijo yakan yi saƙo ɗaya na gama-gari, da sallama da salati, bai kai minti biyu ba, shi ne ake sa wa a zaurukan WhatsApp na unguwa. Bayan wannan sai aikin gaske. Dare uku ko huɗu bayan Lisha mukan zauna da littafi, muna riƙe da waya, muna kiran sunayen na nesa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana magana da kowa shi kaɗai. Ya kira sunan mutum da na mahaifinsa, ya tambayi iyali, ya yi ta'aziyyar wanda aka rasa in an rasa, sannan ya ce ga abin da ke tafe, muna son ganinka ko wakilinka. Wani saƙon daƙiƙa 40 ne kacal. Samari sun sha nuna mana hanyar sauƙi, wai akwai jerin aikawa da ke ɗaukar mutum 256 a lokaci guda. Mun gwada fahimtar abin, muka taras saƙon ba ya isa sai ga wanda ya riga ya ajiye lambar mai aikawa, ba kuma zai iya kiran sunan kowa ba. Saƙon da aka tura daga wani wuri kuwa, WhatsApp da kanta takan sa masa alama a kai cewa turowa aka yi, kuma babu dattijon da zai ga wannan alama ya ɗauka shi aka nufa. Waɗanda aka kira da suna su ne suke amsawa. Wani ya aiko ƙanensa, wani ya aiko kuɗin buhun shinkafa, wani ya kira yana kuka don rabonsa da jin an ambaci sunan mahaifinsa tun rasuwarsa.

Wanda ƙafa za ta iya kai wa gare shi kuwa, har gobe goro ake kai masa. Kuma babu abin da yake fita a intanet sai ƙulli na ƙarshe ya isa. Wannan shi ne mafi wuya a aikin gaba ɗaya, riƙe saurayi kwana goma da fosta a gama cikin wayarsa, yatsansa na ƙaiƙayi. In ta fita kafin lokaci, ko a sitatus ɗin da yake gogewa bayan awa 24 ne, jikan wani malami zai gani ya kai wa kakansa, washegari ɗan aikenmu ya iso da goro a ce masa ai mun riga mun ji a waya. Mai jin Hausa ya san abin da wannan amsa take nufi.

Kuɗi ma sun koya mana taka-tsantsan. An taɓa ɗaukar fostar wani taro a cikin zangon nan, aka goge lambar gudummawa aka sa wata, aka sake ta cikin zaurukan 'yan uwa na waje, ba a farga ba sai da wasu suka fara tambayar ko saƙonsu ya iso. Mu ba ma rubuta lamba a fosta. Dattijo ne yake faɗarta da bakinsa cikin saƙon murya, tare da sunan da zai bayyana kafin mutum ya tabbatar da aikawa, kuma duk abin da ya shigo ana karanta shi a zaure gaban shaidu. Hotunan yara kuma sai da yardar iyaye, musamman 'yan mata masu shekara 13 da 14 da aka yi wa kwalliyar sauka, domin hoto in ya fita babu mai dawo da shi, kuma ba duk mai kallo ne yake kallo da idon uba ba.

Akwai masu karanta shafin makarantarmu da ba mu muka gayyace su ba, kuma dole mu tuna da su. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce mai shirya taro a fili ya sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin ranar, mu kuma da yake rumfunanmu suna tare layi, wasiƙarmu takan riga fosta isa ofishinsu, don kada babban jami'i ya fara ganin labarin a wayarsa. Ba ma sa taro ranar Asabar, ranar jana'izar maƙwabtanmu ce, rumfuna da kujeru na haya duk suna can. In Lahadi ce, sai mun duba kada ta faɗa kan Akwasidae, bikin da ake yi a fadar Manhyia duk bayan mako shida, domin Nana mai ƙasar da muke zaune a kanta ba zai samu zuwa ba. Shi kuma ba a gayyatarsa ta waya ko kusa, ana tafiya da ƙafa, a yi magana ta bakin okyeame, wato kakakinsa. Yara sukan ga kamar mun cika tsoro. Iyayenmu sun ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, aka kwashi mutanen da wasunsu a zangon nan aka haife su. Wanda ya girma a gidan da ake ba da wannan labari ya san cewa zaman lafiya da mai masauki abu ne da ake renonsa kullum. Da yawa daga cikin mutanen Kumasi ba su taɓa shiga layinmu ba, abin da suka sani game da zango shi ne abin da suke ji in an yi rigima. Shafin nan yana cikin 'yan wuraren da za su ga yaro ɗan shekara 12 yana karatu a nitse gaban dattawa, shi ya sa muke share zagi da gardamar ɗariƙa da ta siyasa daga ƙarƙashin duk abin da muka sa, ko daga wa suka fito.

Ranar 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Gana da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin wahala. Masu tafsirin da suka dogara da waya kaɗai wajen sanar da canjin wuri ko lokaci sun sha mamaki. Lasifika da tsofaffin matan nan masu bi gida gida ba su ma san an yi wani abu ba. Ko Ranar Hausa ta Duniya, wadda a intanet aka haife ta a 2015 ana yin ta duk 26 ga Agusta, ranar da samarinmu suka so su sauko da ita ƙasa su yi mata taro a unguwa, zauren dattijo suka zo neman a ƙulla musu goro.

Abin da muke kan warwarewa yanzu shi ne mabuɗin shafin. Saurayin da ya fara buɗe wa makarantar shafi da sunansa da lambarsa ya buɗe, daga baya ya tafi neman arziki ta hanyar hamada, wayar ta salwanta, shafin da hotunan sauka na shekara huɗu suka tafi da ita. Na yanzu dattijo ya ce a yi masa yadda ake yi wa mabuɗin masallaci, ya kasance a hannun mutum uku: malami ɗaya daga makaranta, da wata 'yarmu da ta karanci kwamfuta, da mu. An rubuta kalmar sirrin a takarda an sa cikin akwatin da ake ajiye takardun filin makarantar. Bana yara 17 ne za su sauka, maza 10, mata 7. An riga an yi wa mai goro magana, fosta tana hannun 'yar tamu ta yi alkawari ba za ta sake ta ba sai an ce mata, rana kuwa muna jiran ganin watan Sha'aban kafin a tsayar. Allah ya kai mu da rai da lafiya.